Magira Aisa Kili da 'Yan "Kawo Hujja"

Akwai wasu bayin Allah a garin nan na Maiduguri waɗanda ko ce musu ka yi rana ta fito daga gabas, sai sun leƙa waje sun dawo kafin su ce, "To, da alama." Da su nake yau. Ku matso kusa, 'yan kawo-hujja, masu cika bencin mai shayi tun daga Hausari har Gwange, da ku ɗaliban Jami'ar Maiduguri da kuka karanta littafi biyu da rabi kuka daina yarda da kakanninku. Maganar da na zo da ita gajeriya ce: mace ta taɓa riƙe daular Borno, sunanta Aisa Kili Ngirmaramma, kuma ita ta tsare wa Mai Idris Alooma gadon nan da kuke bugun ƙirji da shi.

Na san amsarku tun ba ku buɗe baki ba. "Haba malam, ai tatsuniya ce. A wane littafi?"

To, a jingine ta tukuna. Bari in fara ba ku labarin da na tabbata za ku haɗiye ko ruwa ba ku nema ba, don daga Turai ya fito.

A ƙasar da yau ake kira Faransa, cikin ƙarni na 6, Farankawa ke mulki. Sarkinsu Kilobis ya mutu a 511, ya bar matarsa Kilotilda, 'yar sarautar Burgundi, wadda ita ta yi ta jan hankalinsa har ya bar addinin gargajiya ya shiga Kiristanci. 'Ya'yanta maza uku suka raba ƙasa tare da wani ɗan ubansu. Babban cikin 'ya'yanta ya faɗi a fagen yaƙi a 524, ya bar yara uku a hannun kakarsu a birnin Paris. Baffannin yaran biyu, Kildebat da Kilota, suka zauna suka buga lissafi: in yaran nan suka girma, kason ubansu za su nema. Sai suka aika wa tsohuwa cewa ta turo jikokin za a naɗa su. Ta yi murna, ta ba su abinci, ta sallame su. Can sai ga manzo ya dawo mata da abu biyu a hannu, almakashi da takobi tsirara. A al'adarsu doguwar suma ita ce shaidar jinin sarauta, wanda aka yi wa aski kuwa ya fita daga layin gado. Saƙon dai shi ne ta zaɓa. Cikin zafin rai matar nan ta ce gara ta ga gawarsu da ta gan su da ƙwal-kwabo. Manzo bai tsaya ta huce ba. Kilota ya soke ɗan shekara 10. Ɗan shekara 7 ya ruga ya rungume gwiwar ɗaya baffan yana roƙo, baffan ya yi hawaye ya ce a bar wannan, amma da ɗan'uwansa ya ce ko ka sake shi ko in haɗa da kai, sai ya ture yaron. Na ukun kaɗai aka gudu da shi, kuma da ya girma shi ya aske kansa da hannunsa, ya tare a coci.

Ban ji wanda ya ce "a wane littafi" ba. Shiru kake ji.

To ga ƙari. Kilota ɗin nan ya auri ya da ƙanwa, kowacce ta haifa masa magaji: Sigibat da Kilperik, 'yan uba kuma 'ya'yan ya da ƙanwa. Sigibat ya auro Burunhilda, 'yar sarkin Sifen, wajen 567, wato 'yan shekaru kaɗan kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kilperik ya ga ɗan ubansa ya yi auren kece raini, shi ma ya aika aka kawo masa yayar amaryar. Ba a daɗe ba aka iske ta a shaƙe a kan gado, kuma kafin a tashi makoki ango ya ɗaura aure da Firedigunda, wata hadimar gidan da dama can suna tare. Daga nan facaloli biyu suka ƙulla gabar da ta ci sarakuna. An soke Sigibat a 575, an soke Kilperik a 584. Firedigunda ta riƙe wa jaririnta ɗan wata huɗu ƙasa. Burunhilda kuwa ta riƙe wa ɗanta, ta riƙe wa jikoki, har ta kai ga tattaɓa-kunne. Al'adar Farankawa ba ta ba mace gado ba, saboda haka babu ɗayarsu da aka naɗa sarki. Riƙon ƙwarya ne, amma irin wanda mai riƙon ke naɗa hakimai, ta sauke su, ta yi musayar wasiƙu da Paparoma. A 613 jaririn nan na Firedigunda, ya zama ƙato, ya kama Burunhilda tana tsohuwa tukuf. Aka gana mata azaba kwana uku, aka ɗora ta kan raƙumi aka zaga da ita cikin mayaƙa, sannan aka ɗaure ta a wutsiyar doki marar horo aka sake shi.

Raƙumi a Faransa, jama'a! Da ni na ce an ga raƙumi a Faransa shekara tara kafin Hijira, da kun ce a binciki abin da mai shayi ya zuba mini. Amma tunda Bature ne ya rubuta, kowa ya gyaɗa kai.

Kun kuwa san wanda ya rubuta mafi yawan wannan labari? Giregori ne, babban limamin cocin birnin Tur, wanda ya mutu a 594 (ƙarshen Burunhilda wani marubuci na baya ne ya kawo shi). Giregori da goyon bayan Sigibat da Burunhilda ya hau kujerarsa a 573, Kilperik da Firedigunda kuwa ko ga maciji ba sa yi da shi. To ku gaya mini wadda za ta fito fes a littafinsa da wadda za ta fito mayya. Takarda ba ta ƙin tawada. Abin da mai alƙalami ya so shi yake shiga, abin da bai dame shi ba ya zauna a waje.

Mu dawo gida. Hujjarku mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba, ita ce Imam Ahmad ibn Furtu, babban limamin Birnin Ngazargamu, wanda ya rubuta littattafai biyu a kan Mai Idris, ɗaya a 1576 ɗaya a 1578, bai ambaci mulkin wata Aisa ba. Gaskiya ne. Haka ma Diwan, jerin sarakunan Saifawa da Bajamushe Barth ya samu a Kukawa cikin shekarun 1850: daga Mai Dunama sai ɗansa Abdullahi, daga Abdullahi sai Idris, ba mace a tsakani. Shi ma gaskiya ne. Na ga kun fara murmushi. Ku ɗan rage, kada haƙora su bushe.

Me Ibn Furtu ya zauna rubutawa? Yaƙi. Yadda aka ci ganuwar Amsaka, yadda aka sare itatuwan da mutanen So ke fakewa a ciki, yadda aka kai farmaki ƙasar Kano, yadda aka fafata da Abzinawa da Ngizimawa da Bulala. Sai aikin hajjin sarki, da 'yan bindigar Turkawa da ya samo, da masallatan tubali da ya gina, da manyan jiragen ruwa da ya sa aka sassaƙa don ƙetare kogi. Limamin sarki ne, yana rubuta yabon sarki, sarki yana raye yana saurare. Neman Aisa a cikin wannan littafi daidai yake da ka buɗe hotunan biki kana neman masu tuƙa tuwo: ba ka gan su ba, amma ka ci ka ƙoshi. Wane liman ne zai buɗe littafin gwarzon da ya aika jakadu ga Sarkin Istanbul Murad na Uku da cewa, "Da farko dai, wata baiwar Allah ce ta riƙa masa kujera yana yaro"?

Shi kuwa Diwan da kuka ɗauko ku buge ni da shi, kun karanta shi ko sunansa kuka ji? Domin ku ne zai ba kunya. Wannan littafi in ya kawo sarki, sau da yawa sai ya faɗi sunan uwarsa, har da ƙabilar da ta fito. Marubutan fada ba sa ɓarnar tawada a kan abin da ba shi da nauyi. Da sunan uwa ake kiran manyan sarakunan nan a bainar jama'a: Dunama Dibbalemi na ƙarni na 13, da ya girgiza Sahara, sunan mahaifiyarsa ne manne da nasa. Shi kansa Alooma, kafin a laƙaba masa sunan tafkin Alau inda ya kwanta dama, nan kudu maso gabas da mu inda madatsar ruwan da ta ɓalle mana a Satumbar 2024 take, Idris Amsami ake ce masa, ɗan Amsa.

Ga kuma wanda na fi so, a cikin Diwan ɗin dai. A ƙarni na 12 an yi Mai Biri ɗan Dunama, jikan Mai Hume wanda da shi gidan ya shiga Musulunci. Aka kama ɓarawo, sarki ya sa aka kashe shi. Labari ya kai kunnen mahaifiyarsa Fasama. Ta tuhume shi a kan dalilin da ya sa ya zartar da kisa alhali hukuncin da Allah ya saukar a kan ɓarawo yanke hannu ne. Ba faɗa kaɗai ta yi ta koma ɗaki ba. Tsare shi ta yi, shekara guda cur, shi kuma ya miƙa wuya. Ku tsaya ku hango abin: ga fadawa, ga barade, ga masu tambari, ga sarkin da ake faɗuwa a gabansa ana zuba ƙasa a ka, amma yana kulle, don tsohuwa ta ce ya saɓa wa shari'a. Babu baraden da suka zare takobi su fito da shi. Wannan ba kakata ce ta ba ni a dandali da dare ba, a rubuce yake da Larabci, a littafin da kuka ce shi kuka yarda da shi. Kai da ko ƙarar wayarka ba ka iya ɗauka a gaban Hajiya in tana magana, kai ne za ka ce mini uwar sarki ba ta da iko?

Wannan iko kuwa ba na Fasama ba ne ita kaɗai, kujera ce mai suna. Magira ita ce uwar sarki a hukumance. Gumsu ita ce uwargidansa. Magram 'yar'uwarsa ce da aka naɗa. Suna da garuruwa da ke kawo musu haraji, suna da bayi da fadawa nasu na kansu, kuma sarautun ba su mutu da Saifawa a 1846 ba, an ci gaba da su a fadar Shehunai a Kukawa. Ku leƙa unguwarku ku ƙirga 'yan matan da ake kira Ya Gumsu, ku tambayi kanku daga ina sunan ya faɗo.

Yanzu ga abin da bakin mutanen Borno ya riƙe game da Aisa. Mai Ali, mahaifin Idris, bai wuce shekara guda a kan gado ba ya rasu, ya bar yaro ƙarami. Sarauta ta koma wani ɗaki na gidan. Kun dai ji abin da almakashi da takobi suka yi a Paris. Ɗan marigayi sarki a ko'ina cikin duniya ƙaya ne a idon wanda ya gaji kujera. Amsa, 'yar sarautar Bulala, ba ta tsaya jiran manzo ba. Ta fitar da ɗanta a ɓoye zuwa wurin danginta a Kanem. Ku lura da ƙarfin halin: Bulalan nan su ne suka kori Saifawa daga Kanem a ƙarshen ƙarni na 14, har sai da Mai Ali Gaji ya kafa musu sabon birni a Ngazargamu. Wato ta ga ɗanta ya fi tsira a hannun abokan gabar gidan ubansa da ya zauna cikin 'yan ubansa. Da gado ya sake zama babu kowa, kuma babu namijin da ya dace a kusa, sai Aisa ta riƙe ƙasa shekara bakwai. Da labarin Idris ya iso, ya kuma isa, sai ta kira shi gida ta miƙa masa. Daga baya yaron da kawunnai suka raina ya komo musu da bindigogin Turkawa, amma wannan maganar wata rana ce.

"To uwarsa ce ko yayarsa? Ka ga ma ba su daidaita ba!" Sannu da ƙoƙari, Malam Mai Bincike. E, wata ruwaya ta ce uwa, wata ta ce ya. A ganina rikicin ba mai wuyar warwara ba ne: Amsa ta haife shi, sunansa ma ya faɗa, Aisa kuwa Magira ake ce mata, kuma duk wanda ya ji Magira, uwa zai ce. Haka ma shekaru: wasu littattafai sun ajiye ta a 1497 zuwa 1504, wasu a 1563 zuwa 1570. Dalili a fili yake. Gidan yana da Ali biyu, kowanne da ɗa Idris: Ali Gaji ya haifi Idris Katagarmabe, sai kuma jikansa Ali ya haifi Idris Alooma. A gidajenku ma da ake da Modu huɗu da Bukar biyar, sau nawa aka kai wa wani saƙon wani? Shi kansa Alooma malaman tarihi ba su haɗu a kan shekarar hawansa ba, wasu 1564 wasu 1571, amma ban ji kun ce shi ma Gizo ne ba.

Inda zan sakar muku mara shi ne lissafin nan na shekara bakwai, da wasu ke ƙara wa wata bakwai da kwana bakwai. Wannan kam ƙamshin bakin maroƙa yake yi, ba zan dafa Alƙur'ani a kansa ba. Kun samu ɗaya. Ku riƙe ta da kyau, don ita ke nan.

Sai Gambaru. Ba Gamborun kasuwa ba, ɗan'uwa, ajiye kwandonka, ba kuma Gamborun Ngala ba. Gambaru tsohuwar fada ce ta jan tubali gasasshe, kusa da Ngazargamu a bakin kogin Yobe, a yankin Geidam na yau. Baturen Ingila Denham ya ga kangonta a 1823, katangu na tsaye. Mutanen ƙasar Aisa suke jingina wa ginin. Za ku ce ai jama'a haka suke, in sun ga tsohon gini sai su liƙa wa wani shahararre. Madalla, kun kawo kanku. A arewacin Faransa da Beljiyam akwai tsofaffin hanyoyi miƙaƙƙu da Rumawa suka shimfiɗa tun kafin a haifi kakan kakan Burunhilda, amma har gobe hanyoyin Burunhilda ake ce musu. A ƙasar Hausa kuma in an ga tsohuwar ganuwa sai a ce ganuwar Amina. Jama'a na iya kuskuren wanda ya aza tubali, amma ba sa ɗaukar fada sukutum su ba matar da ba ta taɓa ba da umarni an bi ba.

Ina jin dariyar taubasan Barebari daga can baya. Kai Bafulatani, kai ma har da kai a neman takarda? Mutanenka ne fa, ƙarƙashin Gwani Mukhtar, suka shiga Ngazargamu a 1808, birnin da bai ƙara komawa daidai ba har aka watse aka bar shi. Wanda ya watsa ɗakin ajiya ba shi da bakin tambayar ina rasit. Zauna ka sha nononka.

Kai kuma Bakano da ke cewa wannan al'adar Barebari ce, mu ba mu san ta ba, koma ka buɗe Tarihin Kano. Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1499 zuwa 1509, ya tafi yaƙi ya dawo ya iske Dagaci na shirin tawaye, kuma wadda ta danne fitinar kafin ya iso mahaifiyarsa ce, Madaki Auwa. Zage-zagi ba sai na tsokane su ba, su da kansu za su taso da Amina ko ba a tambaye su ba.

Saura kai, Alaramma, da na ga tun ɗazu kana gyara rawani za ka jawo mini nassi a kan shugabancin mace. Allah ya gafarta malam, ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Garin nan cike yake da Gwanaye, can za a kai wannan. Abin da ya faru nake faɗa, ba abin da ya halatta ba. Kuma in ana maganar tsayawa kan shari'a, a labarin Mai Biri wa ya tsaya a kanta, sarkin ko tsohuwar?

Ga hukuncina, ku ɗauka ko ku bari. Ko an yi wa Aisa naɗi da tambari, ko riƙon ƙwarya ta yi kamar su Burunhilda, kujerar da ta zauna a kai tabbatacciya ce a rubuce, haɗarin da yaron ya tsallake sananne ne a kowane gidan sarauta, kuma sunanta ya rayu a bakin mutane sama da shekara 400 ba tare da taimakon liman ko ɗaya ba. In ma za a gwada, tamu ta fi tasu iya sauka. Kilotilda ta binne jikoki biyu. Burunhilda ta ƙanƙame mulki har zuriya uku, ta ƙare a wutsiyar doki. Aisa ta riƙe, ta miƙa, kuma wanda ta miƙa wa shi ne sarkin da yau kwalejin fasaha ta Geidam ke ɗauke da sunansa. Ina zargin da ta sa an shaƙe mutum biyu ko uku, da tuni kun haddace ta, don ku jini ne ke sa ku yarda da tarihi.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ƙofa a buɗe take, ya rubuto ya ƙaryata ni. Sharaɗi ɗaya ne: ya sa hannu da sunan mahaifiyarsa manne da nasa, yadda ake kiran Dunama Dibbalemi da Idris Amsami a gaban kowa. In ga wanda zai fara.